Lambun Kan Tudu da Bangon Ɗakin Inna

"Ashe tun jiya kin ga zanen filin sababbin gidajen, shi ne kika yi min shiru?"

Auta ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Mai Lambu ne tsaye a bakin shagonta, takalmin robarsa caɓa-caɓa da laka, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Tun da suke tare bai taɓa shigo mata babu sallama ba sai yau.

"Na gani..." ta ce a hankali. "Rasa ta inda zan fara faɗa maka na yi."

"Lambuna suka zagaye da jan biro, Auta. Lambun Baba!"

Maganar ba ɓoyayya ba ce. Shekarun nan duk damina sai ruwa ya ci unguwar kwari, inda gidan su Auta yake. Hukumar tsara gidaje ta turo ma'aikata da shirin sababbin gidaje da titi da ƙaramin asibiti, suka ce ba za su ɗora bulo ko ɗaya ba sai sun ji ta bakin mutanen ƙauyen. Wuri biyu suka nuna. Ɗaya can tsallaken rafi, wanda sai an yi gada tukuna, gadar da su kansu ba su san ranar yin ta ba. Ɗayan kuwa tudun bayan makaranta, inda za a iya fara aiki da zarar ruwa ya ɗauke.

A kan tudun nan lambun yake. Lemo, gwaba, mangwaro, da rijiyar da mahaifinsa ya haƙa da hannunsa kafin ya rasu. Nan ne cin Mai Lambu, nan ne shansa, a gefensa kuma ya soma ginin ɗakin da Auta za ta tare.

Ya tako ya durƙusa gaban keken, muryarsa ta yi laushi.

"Farin cikina, abu ɗaya nake roƙo. Gobe a wajen taro, kada ki ɗaga hannu a kan tudun."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ya fita.

Ba ta iya ƙarasa ɗinkin ba. Ta rufe shago ta gangara gida, hadari na haɗuwa a gabas, tana ƙara sauri da kowane rugugi.

Inna, mahaifiyarta, na kwance inda ta bar ta. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, Auta ce hannunta, ita ce ƙafarta. Yayyenta duk sun yi nisa, kowa da nasa gidan, sai gaisuwa ta waya. A ambaliyar bara ita kaɗai ta goya Inna ta ratsa ruwa har ƙugu. Bangon ɗakin ya tsage tun daga lokacin, an tokare shi da itace, yanzu hannunta na shiga tsagar har wuyan hannu.

Tana goge wa Inna jiki hawaye ya ɗiga a kan zanen da tsohuwar ke ɗaure da shi. Inna ta gane, don labarin zanen hukumar ya riga ya zaga gari. Da harshenta mai nauyi ta ce mata kada ta kuskura ta rasa yaron nan saboda tsohuwar da ta ci zamaninta. Auta ta gyara mata matashi kawai, ta jawo roba ta tara inda rufin ya fara yoyo.

Washegari da hantsi ajin makarantar ya cika maƙil. Manya sun matse a bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur, mata sun jeru ta baya, wasu na leƙe ta taga. An manna zanen a jikin allo. Jami'ar da ke jagorantar ma'aikatan, wata mace mai gilashi da sanyin murya, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce idan an zaɓi tudu, za a musanya wa mai lambun da gona a wajen madatsar ruwa, mai nisan tafiya daga nan. Ta kuma ce ba za a karɓi wurin ba sai da amincewarsa.

Nan fa aji ya kaure. Mutanen saman gari suka ce a bar wa maraya gadonsa, a jira gada. Wanzami ya miƙe ya ce in dai gadar nan ce, jikansa ma sai ya yi furfura bai taka ta ba. Aka yi dariya, amma ban da mutanen kwari. Mai shayi ya ce shi tambayarsa ɗaya, wa zai sayi shayi a tsallaken rafi, kifi? Mai gari ya yi ta buga sanda kafin a yi shiru.

Jami'ar ta tambaya ko akwai wanda zai yi magana daga unguwar kwari.

Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Mai Lambu na jikin ƙofa, ya harɗe hannu, idonsa a kanta. Ta kawar da kai.

"Ni ban iya magana a taro ba," ta ce. "Bara na goya mahaifiyata a cikin ruwa. Bana ta ƙara nauyi, ni kuma ban ƙara ƙarfi ba. Bangonmu ba zai kai wata damina ba... ku yafe min, ni tudun nake so."

Ta zauna ta rufe fuska da gyale. Ji take kamar ta sa wuƙa ta yanka shi a gaban jama'a.

Aka ce masu son tudu su ɗaga hannu. Na kwari suka ɗaga, na saman gari suka sunkuyar da kai. Ajin ya rabu biyu, babu wanda ya rinjayi wani. Sai kowa ya juya ga bakin ƙofa.

Mai Lambu ya warware hannunsa. A hankali, kamar mai ɗaga buhu, ya ɗaga na dama.

"Ku rubuta na yarda," ya ce, ya juya ya fita.

Ta bi shi da gudu har gindin rijiyar lambun. Ya ba ta baya, kafaɗunsa na girgiza.

"Me ya sa ka yi haka? Ai da ka ƙi, babu mai ganin laifinka..."

"Da na ƙi, ruwa ya ci Inna, da wane ido zan dube ki?" Ya share fuska da hannun riga. "Jiya son kaina ne ya yi magana. Ki yafe min, Autar Inna."

Ta durƙushe a wajen tana kuka, shi ma ya zauna a bakin rijiyar. A ranar ta ɗauka sun tsallake.

Sai da aka fara auna fili gaskiya ta fito. Mai Lambu bai san wata sana'a ba sai ƙasa. Ya gwada leburanci a wajen ginin, ya wuni yana ɗaukar bulo a inda layin lemonsa yake, ya dawo ya kasa cin abinci. Gonar musayar kuwa sharaɗinta a noma ta a zauna a wajen, in ba haka ba a ba wani. Ya je ya gano ta: ƙasa mai kyau, ruwa a wadace, amma babu asibiti, babu titin kirki, sai bukkar ma'aikata.

Ya ce su tafi da Inna. Likitan da ke duba ta ya girgiza kai, ya ce ko hanyar kaɗai ta ishe ta. Auta ta bi yayyenta ɗaya bayan ɗaya a waya tana roƙo. Babbar ta ce mijinta ba zai yarda ba. Namijin ya ce ɗakinsu ɗaya da yara. Ta tsakiyar ta yi kuka sosai, ta ce za ta kira, ba ta sake ɗaga waya ba.

Inna ta daina karɓar magani don kada ta hana 'yarta tafiya, sai da Auta ta rantse mata ita ma ba za ta ƙara sa komai a baki ba, sannan ta haɗiya tana hawaye.

Ranar tafiyarsa ta same shi a bakin titi yana ɗaure injin ban ruwa a bayan babbar mota. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Direba ya ga yanayinsu ya koma gefe yana duba taya.

"Zan jira ki," ya ce. "Ko shekara nawa ne."

Ta girgiza kai. Ta kwana biyu tana shirya maganar.

"In ka jira ni, kullum zan wayi gari ina lissafin ranar da zan zo maka. Ka san kuma ranar da nake nufi... ba na so in zama mai jiran mutuwar uwata, masoyina. Kada ka mai da ni haka."

Ya san gaskiya ta faɗa.

"To in yi yaya da zuciyata?"

"Ka tafi da ita. Ka samu mai kula da kai. In ka ji labarin an ba Inna sabon ɗaki, ka sani kai ka gina shi."

Direba ya tada mota. Mai Lambu ya hau, ya zauna a kan kayansa yana fuskantar baya. Bai ɗaga mata hannu ba, ita ma ba ta ɗaga ba, kallon juna kawai suke har motar ta sha kwana.

Ta tsaya a wajen har ƙarar injin ta ɓace. Sannan ta tuna lokacin juya Inna ya yi. Ta goge fuska sosai da gefen gyale don kada tsohuwar ta gani, ta kama hanyar gangare, kukan na ci gaba da cin ta a ƙirji.