Wanda Zai Karanta wa Umma

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga na yi tuntuɓe, don Allah ku kau da kai.

Rigimar a ɗakin gwaje-gwaje ta fara, inda Mai Kwalabe yake aiki. Haka ɗalibai suke kiransa, don kullum yana bakin famfo yana wanke kwalaben da ake ɗebo ruwan gwaji da su. Shi ne zai auri Auta da zarar ta gama jami'a.

Ta shigo ta zube a kan doguwar kujera, jakarta a cinya.

"Me malamin naku ya ce?" ya tambaya, hannunsa cikin kumfa.

"Abin da na san zai ce. Digirina haɗe yake, rabi adabin Turanci, rabi kula da muhalli. Na adabi na cika komai. Na muhalli kuwa, in ban je aikin fili ba, babu digiri. Wajibi ne."

"To ai sai ki je."

"In je in yi makonni a bakin tafki ina auna ruwa? Umma fa?"

Ya ɗauki wata kwalbar ya tsoma cikin kumfa.

"Akwai wata hanya," ta ce tana murza ido. "In ajiye muhallin gaba ɗaya, in koma adabi zalla. Sai dai zan ƙara shekara, in cike darussan da ban ɗauka ba. Ya ce in bai ji daga gare ni ba kafin ya rufe ofis yau, zai ba wani kujerata a mota. Gobe za su tashi."

Ya kashe famfo. "Shekara!"

"Kar ka ɗaga mini murya, kaina ciwo yake..."

"Rabin raina, ba don aure nake faɗa ba. Ko gemuna zai yi fari tas, zan jira ki. Amma tun shigowarki makarantar nan kike shaƙar warin ruwan kwata a ɗakin nan. Ke kika ce mini kina so ki ga ranar da za a sha ruwan unguwarku ba sai an tafasa ba. Sai yanzu da ya rage taki ɗaya za ki zubar?"

"Matar Yaya za ta iya yi mata wanka, za ta iya juya ta. Amma abinci ba ya shiga sai ina karanta mata littafi. Ina karanta Turancin ina juya mata da Hausa. Da na yi shiru, ta rufe baki."

"Ni ma ai na iya karatu."

Dariya ta kufce mata, irin ta wanda ya gaji. "Kai? Kai da ba ka karanta komai sai abin da aka manna a jikin kwalba?"

"Auta..."

"Ka bar ni, don Allah. Na gaji!"

Ta ɗauki jaka ta fita.

Ba gida ta nufa ba. Laburare ta shiga, can lungun da fankarsa ta mutu, ta kifa kai a kan tebur. Tun ranar da ɓarin jikin Umma ya shanye, rayuwarta ta zama gudu tsakanin aji da gefen gado. Da safe ta auna ƙazantar ruwa, da rana ta yi sharhin waƙoƙin mutanen da suka daɗe da mutuwa, da yamma ta riƙe littafi a hannu ɗaya, cokali a ɗaya. Littattafan da aka wajabta musu a aji su take karanta wa Umma, don ba ta da wani lokacin karanta su.

Ba ta yi kuka ba, ko ƙarfin kukan ba ta da shi. Da ta ɗago kai rana ta yi sanyi. Ta bi ta gaban ofishin malamin, ƙofar a buɗe, ta sunkuyar da kai ta wuce. Shi ke nan, ta ce a ranta. Shekara ɗaya ba ta kashe mutum.

Tana shiga gida ta ji muryar namiji, ba kuma ta Yaya ba ce. Ta tsaya a bayan duron ruwa ta leƙa.

Mai Kwalabe ne zaune a kan ƙaramar kujera a bakin ƙofar ɗakin Umma, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Littafin da ta bari a ƙarƙashin filo yana hannunsa, yana bin layi da yatsa, gumi na tsatsafo masa. Matar Yaya tana ciki a bakin gado da kwano.

"...sai ruwan sama ya cika titin garin," yake cewa. "Umma, da alama magudanarsu ta toshe ne, don in da an..."

"Kai!" Muryar Umma ta fito a karkace, kamar yadda take fita tun ciwon. "Ina ruwana da magudanarsu? Ina mijin yarinyar?"

Ya duba shafin, ya koma baya, ya sake dubawa. "Mijin ai ya rasu, Umma."

Umma ta juyo da kai wajensa.

"Ya me?"

"Ya rasu. Zazzaɓi. Tun babin baya ma aka binne shi."

"Auta ta ce mini fatauci ya tafi!"

Auta ta dafe duron. Ita ce ta tura mijin fatauci. Duk wanda ya mutu a littafi, tafiya take sa shi, don kada Umma ta ji abin da zai taɓa mata zuciya.

Sai ta ji wani sauti da ta manta kamanninsa. Umma ce take dariya, har da tari.

"Dama na ce!" in ji Umma. "Wane irin gari ne wannan da kowa sai fatauci? Ba mai mutuwa, ba mai rabuwa. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, amma yarinyar nan gani take in mutumin takarda ya mutu narkewa zan yi."

"Buɗe baki, Umma," matar Yaya ta ce tana ƙunshe dariya.

Umma ta buɗe, ta haɗiye, ta sake buɗewa da kanta.

"Tsoron nata ne, ta laƙaba mini," ta ce bayan ta numfasa. "Ni ina ci ne don ta samu ta yi karatunta a gabana. Kai ɗan nan, ka ce mata ta tafi awon ruwanta. Kai kuma ka riƙa zuwa kullum kana faɗa mini gaskiya. Karatunka dai kamar na mai ƙirga ƙwayar magani, amma zan jure."

"Na gode, Umma... ina ji."

"Ci gaba. Matar ta yi kuka?"

"Ta yi, Umma. Shafi guda cur."

"Madalla. Karanto mini shi duka."

Sai yanzu hawayen suka zo wa Auta, masu ɗumi, ba sauti. Ta kalli ƙeyarsa da ta jiƙe da gumi, ta ji kamar ta kira shi da duk sunayen da kunya take hana ta faɗa. Amma hasken rana bai gama barin katanga ba, kuma malamin ba ya saurin rufe ofis.

Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ja ƙofar a hankali, ta sulale waje kafin kowa ya waiwayo.