Fanken Maame Dufie

Ranar da Gyasi ya fara shiga ɗakin binciken, da tiren fanke a hannu da kyamara rataye a wuya, ya tarar da Araba ita kaɗai gaban kwamfuta tana cin biredi gaya.

"Sista, ke ce mai neman mai hoto?"

"Ni ce. Don Allah ajiye tiren nan can nesa, kafin ƙamshinsa ya hana ni aiki."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma ta ji dariyar ta yi mata baƙunta a baki.

Araba 'yar Takoradi ce. Shekararta biyu a Kumasi tana digiri na uku, amma daga jami'a sai ɗakinta, ranar Lahadi ma a kujerar baya take zama a coci. Aikinta shi ne ta zaunar da yaran firamare ɗaya bayan ɗaya gaban allo, hotunan abinci suna wucewa, wata 'yar na'ura tana bin ƙwayar idonsu don a ga inda ya fi daɗewa. So take ta gano ko yara masu ƙiba da marasa ƙiba kallo ɗaya suke yi wa abinci. Sai dai hotunan da aka turo mata na abincin Turawa ne, yaranmu kuwa sai su yi ta tambaya, "Anti, wannan mene ne?" Shi ya sa ta nemi mai hoto.

Gyasi hoton biki ne sana'arsa. Mahaifiyarsa, Maame Dufie, shekara ashirin da biyu tana soya fanke da ayaba mai yaji a ƙofar makarantar da Araba ke ɗauko yara. Daga kaskonta ya fara, sannan ya ɗauki hoton dokunu, wato tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da kifi, shinkafa da wake, miyar ganyen gwaza, abarba, gwanda. In an gama ɗauka, su biyu suke zama su cinye.

Aikin mako uku ne, amma ya kai wata biyu, don kullum sai Gyasi ya gano wani hoton da haske bai yi masa ba.

Ran nan da rana saƙonsa ya shigo: "Doktata, kin ci abinci kuwa? Kada ki ce mini biredi."

Ta rubuta: "Ban zama dokta ba tukuna, Mai Hoto. Kuma biredi ne."

"Fito ƙofa. Ina ƙarƙashin bishiyar mangwaro da kwano biyu."

A ƙarƙashin bishiyar nan ya gaya mata yana sonta. Ta daɗe tana juya cokali kafin ta ce, "Na san haka tun ranar da ka ɗauki gwanda ɗaya sau goma sha huɗu."

Akwai wani malami a sashensu, Dokta Amoateng, mai duba aikin digirinta, wanda ya sha kai wa Araba tayin soyayya tana kaucewa. Shi ne ya ɗauki rahotonta da bai kammala ba, ya kai wa shugaban makarantar firamaren ba da saninta ba, don a ga sashensu na aiki. Cikin kwana uku aka kori masu suya daga ƙofar makaranta. Aka manna takardar gargaɗi kan abincin da ke sa yara ƙiba a bango, da hoton fanken Maame Dufie a tsakiya, an ja masa jan layi.

Maame Dufie ta tsaya gaban takardar nan da kaskonta a kai. Ba ta iya karanta Turanci, amma ta gane tirenta.

"Kai ka ɗauki hoton nan," ta ce wa Gyasi a gida. "Da fanken nan na kai ka makaranta, na saya maka kyamarar. Yau ni ce mai cutar da 'ya'yan mutane? In dai ina numfashi, yarinyar nan ba za ta taka gidana ba."

Gyasi ya tafi jami'a don ya ji daga bakin Araba. Yana isa sai ya hango ta a motar Dokta Amoateng suna fita. Bai san cewa faɗa take yi masa ba, tana matsa masa su je ya janye takardar. Ya juya ya koma.

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta: "Gyasi, ban san an kai rahoton ba. Don Allah ka saurare ni ko na minti biyar." Saƙon ya nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba.

Makonni shida aka yi haka. Araba ta ci gaba da aiki, hotunansa na wucewa a gabanta sau ɗari a wuni. Ta san wane tire ne ya karkata, ta san ranar da aka ɗauki kowanne. In yara suka tafi sai ta kashe allon. Wata yarinya mai suna Pokuaa ta taɓa ce mata, "Anti, ke kam ba kya kallon abincin, ƙasa kike kallo."

Shi ma Gyasi yana zuwa bukukuwa yana sa amare murmushi, ya dawo gida ya tarar da mahaifiyarsa zaune gaban murhun da ba wuta.

Da aka kira taron iyayen yara, Dokta Amoateng ya gargaɗe ta: "In kika kunyata sashenmu, ki nemi wani ya sa miki hannu a takardunki."

Ta je. Da shugaban makaranta ya gama yabon kansa, ta miƙe.

"Iyayena, binciken nan nawa ne, kuma ban gama shi ba. Abin da na gani zuwa yanzu shi ne, yaran da suka fi ƙura wa abinci ido su ne waɗanda suka fito gida ba su karya ba, masu ƙiba da marasa ƙiba. Tun da aka kori matan nan, alewa da lemon kwalba yaran suke saye a shagon tsallaken titi. Ni ban ce a kori kowa ba. An yi amfani da sunana an ci mutuncin uwa, ina neman gafararta."

Maame Dufie tana can baya da sauran masu suya. Da iyaye suka yarda matan su dawo, su ƙara da koko da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace, aka watse, sai ta tare Araba a bakin ƙofa.

"Ke, haka kike a rame kina koya wa mutane cin abinci? Wa kike da shi a garin nan?"

"Ba kowa, Maame."

Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. "Wuce mu tafi."

Gyasi yana tsakar gida yana goge kyamara suka shigo. Ya miƙe.

"Na gan ki a motarsa," ya ce a hankali.

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ki. Ki yafe mini, Araba."

"Kai, wawa," in ji mahaifiyarsa, "ba ta kujera mana!"

Digirin ya ƙara mata shekara guda, don sai da ta sake malami. A watan Disamba dangin Gyasi suka cika mota zuwa Takoradi neman aure. Mahaifin Araba, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya tambaye ta sau uku ko a karɓi kayansu, sau uku tana cewa a karɓa.

Ranar ɗaurin aure, bayan fasto ya gama, Maame Dufie ta kamo hannuwansu ta haɗa cikin nata masu tabon mai.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. In kun yi faɗa, kada rana ta faɗi ba ku yi magana ba. Ku tafi, na sa muku albarka."

Coci ya amsa da amin, makaɗa suka saki ganga, Gyasi ya ja matarsa zuwa tsakiyar fili.