Gurguwa a Rumfa

"Na ce mijina ne ya saye ta!"

"To in shi ne, matar Yaya, ki bar masa kayansa mana. Me ya kawo 'yan sanda?"

A haka Sufeto da Kofur ɗinsa suka same su a bakin rumfar gyara: matar da mijinta ya ɓace wata takwas, da ƙanin mijin, makanike. Bayansu wata tsohuwar tarakta ce, kaji sun mai da ta gida.

Matar ta miƙo waya. Da abinci ya ƙare, ta ce, ta sa taraktar a kasuwar intanet. Wani ya biya ko tayi bai yi ba. Wata biyar ke nan bai zo ɗauka ba.

Sufeto ya karanta saƙon mai sayen: "Kada a motsa Gurguwa sai na zo."

"Wace ce Gurguwa?"

"Ita. Tana jan gefe ɗaya, shi ya sa mijina ya sa mata sunan. Ban rubuta shi a tallan ba, Yallaɓai. Ka ga ashe yana raye. Ku nemo min shi."

"Wa kuma ya san sunan?"

"Daga ni sai ƙaninsa."

Makanike ya yi dariyar yaƙe. "Ni ko kuɗin facin kekena ba ni da shi, ina ni ina sayen tarakta?"

Sufeto bai taya shi ba. Ya zagaya rumfar a hankali, ya tsaya.

"Ina ramin da kuke shiga in za ku duba ƙarƙashin mota?"

"Mun cike shi. Ruwa yake tarawa."

"Yaushe?"

"Bara waccan. Tare da Yaya."

"A'a," in ji matar. "Ranar da ya tafi har abinci na miƙa masa a cikinsa."

Sufeto ya durƙusa. Tayoyin bayan taraktar sun nutse kamar yatsa biyu cikin simintin da aka cike ramin da shi, ya bushe ya riƙe su gam.

"Wane makanike ne zai hau da tarakta kan ɗanyen siminti, in ba sauri yake ba?" Ya miƙe. "Kofur, kira motar ja, da masu diga."

Makanike ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Gonar babanmu Yaya zai sayar," ya ce. "Muka yi cacar baki. Sifana ce a hannuna. Sau ɗaya na buga masa, wallahi. A ramin nan na binne shi. Da ta sa taraktar a kasuwa, na sayar da injin waldana na saye ta, don kada wani ya ja ta."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tafi da shi mota.

Matar ba ta yi kuka ba. Simintin take kallo, wanda take sharewa kullum da safe.

"Yallaɓai, ɗazu na ce wa yara babansu na hanya. In sun taso daga makaranta, me zan ce musu?"