Ɗaya Daga Cikin 'Yan Dako Uku

Motar kifi daga Baga ta makara, sai bayan isha'i ta shigo kasuwa. Ba'ana na tsaye a ƙofar shagonsa, 'yan dako uku suna sauke masa kwalayen banda, sai wani wari ya taso kamar na tarwaɗar da ta kwana uku a rana. Ya tofar da yawu.

Wani tsoho da Ba'ana ya zaci maigadi ne ya dafa kafaɗarsa. "Alhaji, ɗaya daga cikin ukun nan ba mutum ba ne."

Ba'ana ya tuna abin da kakarsa take faɗa, cewa irin waɗannan halittu harshensu ba ya iya gaskiya. Ya kira 'yan dakon, ya tambayi kowannensu ko na kusa da shi ɗan Adam ne. Suna dariya, na farko ya shaidi na biyu, na biyu ya shaidi na uku, na uku ya shaidi na farko.

Ya auna a ransa. In na farko ne aljanin, ƙarya ya yi, ke nan na biyu ma aljani ne. Sun zama biyu, tsoho kuwa ɗaya ya ce. Ta kowane ɗaya ya fara, nan yake ɓullowa. Ashe ukun gaskiya suka faɗa, maƙaryacin daban ne.

Hannun na nan a kafaɗarsa, sanyi ƙalau, ruwa mai yauƙi ya jiƙa masa riga. Wata tsutsa ta gangara cikin wuyansa.

"Ka gano shi, Alhaji?" in ji tsohon, daf da kunnensa.