Sabulu a Jikin Fanbel

"Ba ni da ɓarawo sai kai," in ji Monica. "Mabuɗi biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya a aljihunka."

"Madam, shekara shida ina niƙa maki dawa," Arzika ya ce. "Ko mudu guda ya taɓa ɓacewa?"

"Yau ai ba mudu ba ne. Inji ne sukutum."

Insifekta Haggai ya ƙyale su, ya duƙa ya duba kwaɗon shagon. Ba a fasa shi ba. A ciki babu komai sai ƙusoshi huɗu a siminti, inda injin niƙa yake zaune har jiya. Da injin nan Monica ke ciyar da 'ya'ya uku tun da mijinta soja ya rasu. Arzika ne mai aiki da shi. Jiya Lahadi layin nan na Rikoto duk ya tafi coci, shi kuwa Musulmi ne, bai je ba. Wannan kaɗai ya ishi mutane. Kofur ɗin da ke tare da Haggai ya riga ya sa masa ankwa, gobe sai kotu.

"Marigayi ba shi da mabuɗi?" Haggai ya tambaya.

"Yana da shi. Kayansa duk suna wurin ƙanensa Japhet, haka dangi suka raba. Amma Japhet yana coci, shi ke buga mana ganga."

Haggai ya bi layin gida-gida. Kowa ya ce jiya yana coci. Sai a gida na shida ya tarar da wani tsoho makaho a gindin mangwaro, Baba Solomon, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙin motar soja.

"Baba, jiya ka ga wani abu?"

"Oga, kana yi wa makaho ba'a?" Tsohon ya yi dariya. "Ban gani ba, na ji. An fara waƙar farko a coci, sai a-kori-kura ta tsaya a shagon. Da za ta tashi, ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Wannan ba tafet ba ne, shi ƙwas-ƙwas yake yi. Ba kik ba ne, shi gurnani yake. Fanbel ne ya saki. Na ma ɗaga murya na ce wa direban ya ɗaure abinsa, bai amsa ba."

"Za ka gane ta?"

"Ko a tsakiyar kasuwar Zuru."

Haggai ya ɗauki tsohon a bayan babur, suka nufi gidan Japhet. Kofur ya biyo da Arzika, Monica na bayansu tana mita.

Sun sami Japhet a ƙofar gidansa yana goge a-kori-kurarsa.

"Jiya da safe kana ina?"

"Coci, Yallaɓai. Kowa ya ji gangata."

"Tayar da motar."

Japhet ya murza mabuɗi. Injin ya tashi lafiya lau, ko tari babu. Ya yi murmushi. "Motata ba ta taɓa kuka ba."

Haggai ya dubi Arzika, wanda ya sunkuyar da kai.

"Kashe ta," Baba Solomon ya ce. "Buɗe bonet. Oga, kama hannuna ka kai ni."

Tsohon ya lalubo fanbel, ya danna da babban yatsa, ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya shafa cikin fanbel ɗin, ya kai yatsan hanci.

"Sabulun wanki. Ɗanye ma. Dabarar direbobin tasha ce, a goga sabulu ya yi shiru kwana ɗaya, maimakon a ɗauki sifana. A ba ni tsumma."

Aka goge fanbel tas. "Yanzu kunna fitilu duka, ka tayar."

Japhet bai motsa ba. Haggai ne ya murza mabuɗin da kansa. Ƙarar da ta fito sai da kajin gidan suka watse.

"Ita ce," in ji tsohon.

Haggai ya haye bayan motar. An wanke ta, amma a lungun ƙarfen, garin dawa ya kwanta ya zama ƙullu. Ya kankaro da farce, ya nuna wa Japhet.

"Yaushe ka fara niƙa a mota?"

Japhet ya kau da kai. Haggai ya juya wurin Monica.

"Monica, ganga ta fara tare da waƙar farko jiya?"

Ta dubi Japhet. "A'a. Sai bayan wa'azi."

Japhet ya zauna a ƙasa. "Injin na yayana ne. Ni ya kamata in gada, ba ita ba. Yana Ribah, wurin wani abokina. Na ƙirga kowa yana coci. Na manta da Baba, sai da na ji muryarsa."

Kofur ya cire ankwa daga hannun Arzika, ya mayar a na Japhet.

Da motar za a ɗauko injin, don haka Baba Solomon ya ce a kawo sifana. Ya sa Haggai ya sassauta noti, ya tura injin cajin batir da ƙarfe har fanbel ya miƙe, ya ɗaure. Aka tayar. Shiru, sai numfashin inji. Mutanen da suka taru suka yi tafi, tsohon ya ƙame ya sara musu kamar yana fareti.

Aka tura Japhet bayan motarsa. Monica ta matso kusa da Arzika.

Arzika yana murza wuyan hannunsa inda ƙarfe ya ci. Bai dube ta ba.

"Madam, da Baba ya tafi coci jiya, yau ina zan kwana?"