Fashi a Kabarin Tsohon Sarki

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai zai sha dalma!"

Rana tsaka ce. Leburori suka watsar da shebur, suka kife. Dogo, ogan 'yan fashin, ya tsallake igiyar da aka kewaye ramin da ita, bindiga a hannu. Ƙaninsa Auta na biye da shi, yau ce fitarsa ta farko. Direbansu Kwaro na cikin mota daf da bakin ramin, inji a kunne.

Makabartar tsofaffin sarakuna ce. Farfesa, dattijuwar da ke jagorantar tonon kayan tarihin, ta yi shekaru tana bin ƙasar nan da buroshi. A makon nan suka kai ga ƙasusuwan wani sarki, awarwaron zinare har gwiwar hannunsa.

"Auta, dira ka kwaso!"

"Ɗana, kar ka sauka!" in ji Farfesa. "Ba mu tokare bangon nan ba, yashi ne—"

"Mama, ja bakinki ki yi shiru!" in ji Dogo.

Auta ya dira. Ya zare awarwaron, ya cusa a buhu, ya cillo sama. Dogo ya cafe, ya wurga wa Kwaro ta taga.

Ashe maigadi ya laɓe bayan tanti, ya buga waya. Can kan titi sufeton 'yan sanda ya daki kujerar direbansa. "Taka ta, malam!"

Jiniya!

Kwaro ya dubi buhu, ya dubi hanya. Ya fizgi mota, tayar baya ta ci bakin ramin — bango ya rufto, rim!

"Kwaro! Ɗan iska, tsaya!"

Ina! Sai ƙura.

Dogo ya leƙa ramin. Babu Auta, sai yashi. Ya jefar da bindiga, ya dira, yana yaƙutar ƙasa da farce. "Auta! Amsa mini!"

Farfesa ta miƙe. "Ku kawo shebur!"

"Ranki ya daɗe, ƙasusuwan sarkin fa?" in ji wani lebura.

"Ku tona, na ce!"

Haka 'yan sanda suka tarar da su, ɗan fashi da waɗanda ya kwantar, kafaɗa da kafaɗa, ƙashin sarki na karyewa ƙarƙashin shebur. Da suka zaro Auta, bakinsa cike da yashi, rai ya yi halinsa.

Kwaro da awarwaron, har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Aikin Farfesa ya koma tarkace.

Ana saka wa Dogo ankwa, ya kasa ɗauke ido daga gawar.

"Yallaɓai," ya ce wa sufeton, muryarsa a dishe, "na ce wa Innarmu aikin gini na samo masa."