Abin da Ya Faɗo a Hanyar Gude

Zinnira tattalin arziki take karantawa a jami'a. Kwas ɗin ilimin taurari kuwa don cike gurbi ta ɗauke shi, saboda an ce malamin ba ya kayar da ɗalibai. Da aka yi hutu ta dawo gida Kabo da aiki guda: ta sami fili mai duhu, ta kalli taurarin da ke faɗowa a makon, ta rubuta abin da ta gani.

Bayan magariba ta lallaɓa yayanta Zayyad, ya rufe shagon ɗinkinsa, ya ɗauke ta a babur zuwa hanyar Gude, inda hasken gari ba ya kaiwa. Suka tsaya a bakin wata gonar dawa.

"Baba ya ce da irin waɗannan ake jifan aljanu masu satar jin maganar sama," in ji Zayyad.

"Haba Yaya, tsakuwa ce fa. Malaminmu ya ce wata ma ba ta kai ƙwayar gero ba. Iska ce ke ƙona ta."

Ba ta rufe baki ba wani ƙato ya tsinko, kore shar, ya tsaga sama ya faɗa bayan gonar. Zinnira ta daka tsalle tana tafi.

Gyare suka yi tsit.

Sai ƙauri. Irin na gashi da fata in sun sha wuta. Can cikin dawa wani yaro ya fara kuka ƙasa-ƙasa.

Zayyad ya taka babur. Ya ƙi tashi. Ya sake takawa.

Wata doguwar mata ta fito daga cikin karan, ko ganye bai motsa ba. Ta rungumo wani abu baƙi a ƙirjinta, yana hayaƙi, yana shure-shure.

"Wa ya yi tafi?" ta ce cikin raɗa.

Zinnira ta nemi addu'a, harshenta ya ƙi juyawa. Zayyad ya sauko ya shiga gabanta.

"Ni ne, Baba. Ki yi haƙuri."

"Ƙarya kake." Matar ta dubi abin da ke hannunta. "Ɗana ne. Jikinsa ya ƙone, ba zai ƙara zaunuwa ba. Sai an ba shi wani jikin."

Ta leƙo ta saman kafaɗar Zayyad. Numfashinta zafi kamar bakin murhu.

"Ke mai karatu. Naki, ko nasa?"

Ƙafar Zinnira ce ta ja da baya.

"Na ji," in ji matar.

"Ki gudu," Zayyad ya ce, bai waiwayo ba.

Ta gudu. Takalmi ya fita, ƙaya ta shiga, ba ta tsaya ba. A bayanta ta ji ihunsa, na babban mutum.

Ihun ya yi ta sirancewa.

Har ya koma kukan yaro.

Da mutanen gari suka isa da fitilu, a zaune suka same shi gefen babur, ko ƙwarzane babu, yana tsotsar yatsa. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, an kai shi asibiti har Kano. Yana ci, yana sha. Amma bai san keken ɗinki ba, bai san sunansa ba, kuma ko an ja shi ba ya yarda ya tsaya inda babu rufi. Zinnira ba ta koma makaranta ba. Ita ke ba shi abinci a baki, kanta a sunkuye.

Kullum rana ta faɗi sai ya rarrafa ƙuryar ɗaki yana kiran, "Inna! Inna!" Mahaifiyarsu, Hajiya Gwamma, ta taho da sauri ta rungume shi. Ya ture ta.

"Ba ke ba."

Wani lokacin, daga bayan katanga, ana amsa masa.